Hannun Yayata Bai Kai Kunne Ba

Kullum da safe ƙararrawar makarantar bayan gidanmu takan tuna mini da wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin mangwaro, a firamaren unguwarmu ta Rafin Guza. A lokacin makarantar kaɗai muke da ita. Aji biyu ne na ƙasa, iyayenmu suka gina da aikin gayya, gwamnati ta kawo kwano da malamai.

Kai da aka haifa a asibiti, da wuya ka gane yadda ake ɗaukar ɗalibai a zamanin. Ba mai takardar haihuwa. Hedimasta zai sa ka ɗaga hannun dama, ka zagayo da shi ta saman kai ka taɓo kunnen hagu. In ya kai, ka isa shiga aji ɗaya. In bai kai ba, sai baɗi.

Yayata ta girme ni da shekara biyu, amma ciwon sikila ya hana jikinta tashi. Ranar da Kaka ta kai mu, ni ƙaramar na cafko kunnena har ina murɗa shi don iyayi. Ita kuwa yatsunta suka tsaya a kan kitso.

"Malam, wannan fa ita ce babba," in ji Kaka. "A gabana aka haife su duka biyun."

"Inna, ƙa'ida ce. In na karya ta yau, gobe duk unguwa za ta zo."

Ba mugu ba ne, ajin ne ya cika maƙil.

Daga ranar Kaka ta sa kanta aiki. Kowace safiya sai ta shafa wa yayata man kaɗanya a kafaɗa, ta riƙa jan hannun a hankali, wai ko zai ƙara tsawo. Babanmu tela ne a Kawo, rigar makaranta biyu ya ɗinka mana. Tawa na sa, tata aka ninke aka ajiye a akwati.

Ba ta zauna a gida ba. Takan biyo ni ta zauna gindin mangwaron nan, kusa da taga, tana sauraro. Ina cikin aji ina gyangyaɗi, tana waje tana haddacewa. Ta riga ni iya karatu. Ita ke yi mini aikin gida, ni ake tafa wa. Ban taɓa buɗe baki na gaya wa malaminmu ba, don ina son tafin. Wannan abu yana ci mini rai har yau.

Shekara ta zagayo, aka sake gwadawa, bai kai ba. A shekara ta uku aka fara gina ajujuwa huɗu na bulo, aka ce sabon hedimasta zai karɓi shaidar iyaye. Sai damina ta sauka, sanyinta ya tayar da ciwon. Wata la'asar ana yayyafi, tana kwance a ɗakin Kaka, ta ɗaga hannu da ƙyar, ta karkatar da wuya.

"Kaka, duba."

"Ya kai, 'yar nan," in ji Kaka. "Ya kai."

Ina wurin, na gani da idona. Saura kaɗan.

Ta rasu kafin a sa wa sababbin ajujuwan ƙofa. Allah Ya jiƙanta.

Yau a unguwarmu kowane lungu da makarantarsa, wata a bene, wata a garejin gida. Har yaron da bai gama iya magana ba ana rataya masa jaka. An sare mangwaron an yi katanga. Da na kai 'yata aji ɗaya, takarda kawai wata malama ta miƙo mini na cike, ko kallon hannun yarinyar ba ta yi ba.

Da muka dawo gida na buɗe akwatin, na ciro rigar da Baba ya ɗinka wa yayata tana da shekara takwas, na gwada wa 'yata. Shekararta biyar. Ta yi mata daidai.