Sajan, Mai Ƙwace Linzami

Kullum kafin a buɗe ɗakin kwamfuta na laburaren unguwarmu, Malama mai koyarwa a wurin ta riga ta iso. Ta goge tebura, ta kunna injuna, sannan ta bi ɗaya bayan ɗaya tana cire linzamin kowace kwamfuta, wato maus, tana zubawa a durowarta, don kowa ya saba da maɓallai. Ɗalibanta masu raunin gani ne, da masu rawar hannu, da tsofaffin da ido ya fara yi musu rowa. Su suka laƙaba mata Sajan a bayan idonta. Ta sani sarai, har takan amsa idan wani ya yi suɓutar baki. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani.

Ta dalilin Yayana na san ta. A aikin buga takardu ya yi furfura, sai idonsa ya fara dushewa. Kwamfuta tana da murya mai karanta wa mutum abin da ke kan allo, tana kuma iya ƙara girman rubutu, amma kullum sai ya roƙi wani ya kunna masa. Ranar da mai taimakon ya tashi da ɓacin rai, haka Yaya zai wuni a zaune. Ogansa a ofis ya ba shi hutu, ya ce idan ya dawo bai iya aiki shi kaɗai ba, to sai haƙuri. Ga iyali, ga yara a makaranta.

Ni na raka shi wurin Malama, a matsayina na gwanin kwamfuta na gidanmu, wato wanda ya iya kashewa ya sake kunnawa. Ina miƙa hannu zan danna masa, ta ce, "Ƙane, ofis ɗin ma bin sa za ka riƙa yi?" Na ce a'a. "To mayar da hannunka aljihu."

Da gindin biro take nuna masa hanya a kan maɓallan kwamfuta. "Alhaji, sauka layin ƙasa, can ƙuryar hagu. Wannan kwantirol ne. Kusa da shi ga mai hoton taga. Riƙe su biyun, ka buga enta." Murya ta fito. Yaya ya zabura ya ce, "Wa alaikumus salam!" Daga nan ta nuna masa yadda zai haɗa maɓallin taga da na alamar tarawa, rubutu ya kumbura har ni na gode, don ni ma na daɗe ina ɗora wa tabarau laifi.

Washegari Yaya ya zo da dabara: ya manna selotef a kan maɓallan don yatsa ya gane su. Malama ta ɓare shi tas. "Kwamfutocin duniya ba da selotef suke zuwa ba." Kullum kuma sai ta canza masa kwamfuta, yau babba, gobe ƙarama ta kan cinya mai maɓallai a cunkushe. Wata rana ya ture kujera ya ce ya gaji, a bar shi da ƙaddararsa. Ta ce, "Alhaji, ba na korar ɗalibi, ba na kuma karɓar murabus. Zauna." Ya zauna yana ƙunƙuni.

Abin da ya faru ranar komawarsa, masinjan ofis ɗin ne ya ba ni labari. Ashe an ɗauke tsohuwar kwamfutarsa, an ajiye masa sabuwa ta kan cinya. Oga yana tsaye, ma'aikata sun zuba masa ido. Yaya ya laluba ƙurya, ya danna. Shiru. Ya sake, shiru. Wani abokin aiki ya taso zai taimaka, Yaya ya ɗaga masa hannu: "Zauna, na gode." A wasu ƙananan kwamfutoci, ba kwantirol ne a ƙurya ba, kuma ya taɓa cin karo da irinta a ɗakin Sajan. Ya matsar da yatsunsa gida ɗaya zuwa dama, ya danna. Murya ta tashi da ƙarfinta duka, har Oga ya ja da baya. Yaya ya ce mata, "Sannu da zuwa, amma rage murya, akwai manya a wurin."

Malama, ke ce mai hana taimako don mutum ya tsaya da ƙafarsa. Ke ce kika yarda a ji haushinki yau, don kada ɗalibinki ya yi roƙo gobe. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai albarka, ko da yake ina tausaya wa jikokinki.

Ku kuma masu ido da saurin hannu, idan wani ya ce ku danna masa, ku daure ku nuna masa inda maɓallan suke. Ya fi cin lokaci, ya fi jawo tsaki. Amma gobe da safe Yaya zai shiga ofis, ya ja kujerarsa, ba zai kira sunan kowa ba.