Injin Baffa a Bayan Gilashi

Ana sallame sallar asuba muka bar Illela, ni da Baffana, ƙanen mahaifina, da buhun albasa guda da ya noma a fadamarsa ta Araba. Kano muka nufa, wurin ƙanena, wanda ya kama gida a wani sabon bene da aka gina a harabar tsohuwar masaƙa. A masaƙar nan Baffa ya yi ƙuruciyarsa yana aiki, har ta durƙushe ya dawo gida noma.

Hoto ne ya tayar da tafiyar. Ƙanena ya turo hoton zauren benen, inda aka ajiye wani tsohon injin saƙa don ado. Baffa ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce injinsa ne, ya gane shi da wata wayar ƙarfe da ya naɗe a mariƙinsa. Shi ne kuma ya cinye masa kan yatsa. Ban san ko gaskiya shi ne ba. Abin da ya roƙa dai ɗaya ne: a kai shi ya ɗora hannu a kai tun yana da ƙafar zuwa.

A Sakkwato muka sauya mota. Direban ya so ya ɗaure buhun a sama, Baffa ya ce rana za ta dafa masa tsaraba, don haka albasa ta zauna tsakanin ƙafafunsa har Kano, mu kuma muka sha ƙamshi. Hanyar Gusau wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya zaɓi ramin da ya fi sauƙi. Shingayen jami'an tsaro sun ci mana lokaci. A Funtuwa muka ci shinkafa da wake, Baffa ya duba yankan albasar da aka zuba mana ya ce wadda ta sha taki ce, ba ta da yaji.

Bayan la'asar muka isa. Unguwar ta sauya ƙwarai. Inda Baffa ya ce rumfunan masu abinci suke a da, yanzu shagon kofi ne da wurin motsa jiki. An bar dogon bututun hayaƙin, an yi masa fenti, an kewaye shi da furanni. Ba a shiga sai mai gida ya turo maka lamba ta waya, ka nuna wa maigadi.

A nan na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Kafin in sauko da jakata daga a-daidaita-sahu, Baffa ya riga ya saɓa buhunsa. Ina sanye da shadda mai sitaci, shi kuma da rigar tafiya da takalmin roba. Daidai lokacin wani mazaunin benen ya ji ina magana da maigadi, ya gane muryata daga rediyo, ya tsaya muna gaisawa. Maigadin ya dubi Baffa ya ce, “Baba, masu kawo kaya ta baya suke bi.”

Baffa ya ce, “Mi?”

Maigadin ya maimaita masa, cikin ladabi, yana nuna hanya. Baffa ya dube ni. Kalma uku kawai ake bukata: Baffana ne wannan. Sana'ata magana ce, amma na ci gaba da murmushi ina amsa yabon baƙo. Baffa ya gyara buhun a kafaɗa ya bi ta baya.

Ni na bi ta zauren. Injin yana tsakiya, an goge shi yana ƙyalli, fitila na haska shi, ga wayar nan a mariƙin. Na wuce shi na shiga lif mai madubi ta kowane ɓangare, ba inda zan kai idona ban ga kaina ba.

Gidan ƙanena ya ƙayatu. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwa zafi da sanyi, taga tun daga ƙasa har rufi. Maƙwabta ba sa sallama da juna, sai ɗaga kai. A shagon ƙasa ana sayar da albasa uku cikin leda a farashin da zai sa manomin Araba ya yi salati. Baffa ya iso ta lif ɗin kaya, ya shigo ta ƙofar kicin. Ƙanena ya tambayi yadda aka yi haka, Baffa ya riga ni amsawa: “Ai ƙofarmu ta. Nan munka riƙa bi, ta gaba ta manya ce.” Ya yi dariya. Ƙanena ya ce mu sauka ya ga injin, Baffa ya ce ya gaji, sai gobe.

Da safe na shirya kai shi da kaina, na tarar ya riga ya sauka, ta bayan. Na same shi a waje, tsaye a jikin gilashin zauren, hannuwansa a baya. Na ce, “Baffa, mu shiga.”

Ya ce, “Na gane shi. Shi na. Sun ɗaura mishi zare baibai, amma ba komi, tunda ba saƙa zai yi ba.”

Na ce wa maigadin, da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, wannan Baffana ne. Mutumin ya ba da haƙuri, ya buɗe ƙofa. Baffa ya gode masa, bai motsa ba. “Bari, ɗana. Wanda anka shigar ta baya ba ya fita ta gaba. Wanga gani ya isa.” Ya ɗora gajeren yatsan nan a gilashin, ya sauke. Shatinsa ya fito, mai shara ta zo ta goge.

Kwana biyu muka yi. A hanyar dawowa ba buhu, sai na ga wurin ƙafarsa ya yi faɗi. Bai tayar da zancen ba ko sau ɗaya, ni ma na kasa.

Mun shiga Illela gab da magariba, 'yan acaɓa na ta kai da kawo zuwa Ƙonni. Tsofaffin majalisarsa suka tare shi da tambaya: ka taɓa shi? Ya ce, “Na gan shi, yana nan lafiya. Yaron ga kuwa ya kula da ni ƙwarai.” Suka yi ta sa mini albarka, ina tsugune ina amsa amin.

Na tafi da niyyar ba ku labarin yadda masu hali ke zama a birni. Abin da na dawo da shi ƙarami ne: maigadin aikinsa ya yi, bai san Baffa ba. Ni na san shi. Benen yana da ƙofa biyu, amma shiruna ne ya zaɓa masa ɗaya.