Shekarar Da Aka Ce Dawa Ce Ke Yi Mana Wasa

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Malam Ɗahiru, Allah ya jiƙan sa. Abu biyu ne suka tayar mini da tunaninsa a bana. Na farko, musun jikokina. Sun dawo daga gidan kallon ƙwallo suna ta cacar baki a zaure, wai wata ƙungiya ta ƙare kakar wasa tana cin wasanninta ɗaya da nema, kullum da ƙyar da jiɓin goshi, ga shi za a shiga sili ɗaya ƙwale, inda duk wanda aka doke sai ya kama hanyar gida. Wannan ya ce mai ci da ƙyar shi ne ya san wahala, shi zai ɗauki kofi. Wancan ya ce sa'a ce kawai, kuma ta ƙare. Na biyu kuwa, wani ya kira ni a waya daga Ƙanƙara ya ce ya ji an yanka tsohon filin ƙwallonmu fulotai. Wannan labarin ya hana ni cin tuwo, domin filin nan shi ne abin da Yaya ya bari.

A shekarun 1950, lokacin da ƙwallo ta fara fita daga harabar makarantar elemantare zuwa cikin gari, Yaya ne ya tara samarin unguwarmu. Ba mu da fili. Ya je ya durƙusa gaban ƙanin mahaifinmu, Baba Ɗanjuma, ya roƙi aron wata saura da ke jikin gonarsa. Baba ya ba shi, ba don yana son ƙwallo ba, sai don yana son Yaya. Rani guda Yaya ya yi yana cire kututture da ƙaya, mu kuma muna taya shi in mun ga dama. Ya kafa turaku na itacen marke, ya ɗaura igiya a sama. Shi ne kyaftin, shi ne mai tsaron gida. Ni ɗan baya ne, ba ni da gudu, ba ni da yanka, amma Allah ya ba ni ƙafa mai nauyi.

Wata shekara malaman makarantu suka shirya gasa tsakanin garuruwa huɗu: Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ruwan Godiya. Za a zagaya gida da waje tun ƙarshen damina, bayan girbi kuma a yi sili ɗaya ƙwale. Ƙwallo ɗaya ce tal ake wasa da ita, ta fata mai igiya. Alƙalin wasa Malam Garba ne, malamin asibiti, don shi ne mai agogo, kuma shi a saninsa in lokaci ya cika ya cika, bai san wani ƙari ba.

To, a gefen filinmu dawar Baba take, ta yi tsawon da ko mahayin doki ya shiga ba a ganin rawaninsa. A wasanmu na farko muka ci ɗaya, baƙi suka taso mana, na tsorata, na ɗaga ƙwallo da iya ƙarfina, ta faɗa tsakiyar dawa. Aka shiga nema. Kafin a fito da ita kowa ya huce, agogon Malam Garba kuma bai tsaya jiran kowa ba. Na ga abin ya yi daɗi, na maimaita. Wasanninmu uku na gida duk haka suka ƙare, ci ɗaya mai ban haushi. A waje kuwa, inda babu dawa, canjaras muka yi sau biyu, Faskari kuma ta yi mana dukan kawo wuƙa.

Yau, da na tsufa, bari in faɗi gaskiya. Yaya bai taɓa sa ni in yi haka ba. Sau biyu yana jan kunnena a bayan gida, ina cewa ƙafata ce ta zame. Amma da yake shi ne kyaftin, shi aka ɗora wa. Daga Sabuwa har Ruwan Godiya ana cewa dabarar Ɗahiru ce. Bai taɓa buɗe baki ya ce ƙanena ne ba, ni kuma na yi lamo, na bar shi da kayan. Wannan yana cikin abubuwan da har gobe nake jin kunyarsu.

Magana ta kai kasuwa. Wani mahauci ɗan Faskari ya tare Baba Ɗanjuma cikin mutane, ya gaishe shi da ladabi, sannan ya tambayi lafiyar gwanar 'yan wasan Ƙanƙara, wato dawarsa, ko ta shiga rumbu lafiya. Aka bushe da dariya. Baba mutum ne da bai ɗaukar raini. Ya dawo ya sa aka kira Yaya, ni ina rakuɓe a ƙofar zaure.

"Ɗahiru, an tattake mani dawa na yi shiru. Yanzu kuma ni aka mai da abin dariya a kasuwa. An ce ƙuri'a ta haɗa ku da Faskari. To, ga shi an yi girbi. In sun doke ku, na san dawata ce ke yi maku wasa. Da ruwa ya sauka sai in shuke filin duka, ta ci gaba da wasan ita kaɗai."

Yaya ya ce, "To, Baba."

Babu wanda ya ba mu ko kusa. Faskari ta saba cin mutane huɗu, biyar, mu kuwa ɗaya muke samu mu rungume. Kowa cewa yake Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni kaina haka na gani. A cikin lorin da ta kai mu, ina zaune kan buhun auduga, ina ta hango garma a tsakiyar filin Yaya, ina kuma sane da wanda ya jawo.

Filin Faskari fetal yake, ko'ina an girbe, kana iya hango akuya daga nesa. Kafin hutun rabin lokaci, Allah ya taimake mu, ɗan gabanmu ya sa kai a wata ƙwallo ta shige. Da aka dawo suka rufe mu. Sabo turken wawa: ƙwallo tana zuwa ƙafata na ɗaga ta waje da dukkan ƙarfina. Ta gangara cikin kara, wani ɗan kallo ya ɗauko ya wurgo, ko numfashi ban mayar ba. Fili ya ɗauki sowa, ana ta ihu, "Ina dawa? Ina dawa?" Na juya na dubi Yaya. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Iro, yau hwa babu inda za ta ɓuya. Tsaya nan kusa da ni."

Na tsaya. Abin da ya biyo baya ban iya jera shi ba, na dai san ƙwallo ta same ni a ƙirji, a cinya, a fuska. Yaya ya yi ta faɗuwa yana tashi, yatsansa ɗaya ya goce, ya ja shi ya mayar, ya ci gaba. Can sai na lura da wani abu. 'Yan Faskari ba a taɓa riga su ci a filinsu ba, ba su san yadda ake yi ba. Suka fara zagin juna, kowa yana son ya ci shi kaɗai, suna bugowa daga nesa. Mu kuwa wannan wutar mun saba da ita, domin ko a gida dawa ɗan lokaci take cinyewa, sauran duk da jikinmu muke tarewa, ba mu dai sani ba. Da Malam Garba ya busa usur na zauna daɓas a ƙasa. Ban taɓa jin sanyin zuciya irin na ranar ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mun ci kofi. A wasan ƙarshe Sabuwa ta ba mu biyu, babu gardama. Shi ya sa da jikokina suka nemi in raba musu musu na ce duka biyun ba su yi ƙarya ba. Yaya yakan ce ci ɗaya iri biyu ne, akwai wanda aka tsare da jiki, akwai wanda aka ɓoye. A takarda kamarsu ɗaya, sai ranar da aka girbe dawa ake bambancewa. Kuma ko na jikin, ƙofa ɗaya yake buɗe maka, ba ya yi maka alƙawarin ta gaba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga ƙwallon yau, inda ake jere ƙwallaye a gefen fili, wannan na fita a wurgo wata, alƙali kuma ya ɗaga allo ya ƙara lokaci. Na san dariya zai yi ya ce, "Iro, sun rufe maka kasuwa." Ina jin kuma zai yi mamakin yadda samari ke ɓata da juna kan ƙungiyar da ba ta san da zamansu ba, shi da ya yi shekara arba'in yana abota da mutanen da suka goce masa yatsa.

Baba Ɗanjuma bai ce mana sannu ba. Da ruwa ya sauka ya fita da 'yan aikinsa, muna kallo. Bai taɓa filin ba. Sai dai a gefen da dawa take, ya shuka gyaɗa.

Makon jiya na kasa haƙuri, na sa aka kai ni Ƙanƙara. Ashe wani fili ne aka yanka, ba namu ba. Na sami namu yadda yake, turakun sun koma na ƙarfe, ana ta wasa. Yaya bai bar gidan sama ba, bai bar sarauta ba, ko sunansa masu wasan ba su sani ba. Na tambayi jikan Baba da ke noma gefen, me ya sa gyaɗa yake shukawa a nan. Ya ce, "Alhaji, haka muka taras."

Muna tsaye wani ɗan baya ya tsorata, ya ɗaga ƙwallo waje. Ta faɗo cikin gyaɗa, kowa yana ganin ta. Na sunkuya da ƙyar, na ɗauka, na mayar musu.