Ranar da Gwaggo Ta Tashi a Gaban Jandarma

Cikin duk shekarun da na yi ina jan matattun motoci a Yamai, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da Gwaggo ta tona mana asiri a baraj ɗin hanyar Wallam, wato shingen binciken motoci. Ku matasan garaji kun sha jin ina ambaton Gwaggo, na ma ji wasunku suna zaton ƙanwar mahaifina ce. To, ba mutum ba ce. Tsohuwar kamiyon ce, wato babbar motar soja, da Faransawa suka bari lokacin da suke tattara komatsansu, a shekarun farko na samun mulkin kai.

Mai ita Baba Hamani ne, Bazabarme, tsohon soja da ya koyi kanikanci a bariki. Ya saye ta a gwanjo da ɗan abin da ya tara, ni kuma ya ɗauke ni direba saboda ina da permi, wato lasisin tuƙi, shi ba shi da shi. Hausarsa ta kasuwa ce, Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba, amma ba mu taɓa kasa fahimtar juna ba. Gwaggo tana ja da ƙafafunta huɗu, kuma a gabanta akwai na'urar naɗe waya mai ƙarfin tsiya, wadda ke iya zaƙulo mota daga rami ko taɓo. A wancan lokaci ban san wata mota irinta a hannun talaka ba. Da ita gidan Baba ke ci, da ita nake ciyar da matata da 'yarmu ta fari.

Sai dai Gwaggo ta tsufa, kuma tsufan ya nuna. Fitila ɗaya gare ta. Birkin hannu ya daɗe da rasuwa, na ƙafa kuwa sai ka yi ta taka shi kamar mai ɗinki da keke kafin ya tuna aikinsa. Idan za mu tsaya a gangare, Baba ne ke dirowa da kal, wato guntun itacen da ake cusa wa ƙarƙashin taya. Tayar da ita da safe ma aiki ne, sai an zura manibel, ƙarfen tayar da inji, a hancinta an yi ta juyawa ana lallashi. Saboda haka ba mu taɓa kai ta bizit ba, binciken lafiyar mota ke nan da ake yi kafin a ba ka takardar hawa hanya. Motar da jandarma suka kama ba takarda, furiyar ake kai ta, wani fili da ake tara kamammun motoci. Mun san idan Gwaggo ta shiga wurin nan, a can za ta ruɓe.

Da rani ba mu da damuwa. Inda unguwar Banifandu take yanzu gonakin hatsi ne, sai mu ratsa ta hanyar jakai mu ɓulla bayan baraj, ba wanda ya gan mu. Da damina kuwa manoma sun shuka, ba mai barinka ka taka masa gona, ga shi kuma lokacin ne motoci suka fi mutuwa a hanya. A nan ne Baba ya fito da dabararsa. Ya ce jandarma ba sa tambayar matacciyar mota takarda, tunda ba ita ke tafiya ba, janta ake yi.

Ga yadda muke yi. Kafin a kai baraj akwai wata kwana mai itatuwa. Nan muke tsayawa mu kashe inji, mu karyo ɗanyen reshe mu soke a gaban mota, alamar da kowa ya sani ta motar da ta yi pan, wato ta mutu a hanya. Sai mu jira wani direba mai cikakkun takardu ya zo wucewa, mu ɗaura masa sarƙa, ya ja mu har mu wuce, can gaba mu kwance mu tayar. Ba direban da ke ƙi, don kowa ya san wata rana shi ne zai kwana a daji yana jiranmu. Idan muna dawowa da motar da muka ɗauko, abin ya fi ban dariya: mai rai a gaba, Gwaggo a tsakiya, matacciyar gaskiya a baya, kamar ayarin raƙuma. Baba har baƙin mai yake shafawa a goshi, ya langaɓar da kai kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Shugaban baraj ɗin Ajidan Sumana ne. Ajidan muƙami ne sama da saje, shi ke da magana ta ƙarshe a wurin, kowa Shef yake ce masa, wato shugaba. Dogo ne, mai sanyin murya, ba ya gaggawar komai. Duk ranar da aka jawo mu, sai ya taso daga inuwar gawo, ya duba takardun mai janmu, sannan ya tako wajenmu ya dafa kapo, murfin injin Gwaggo, ya gaida Baba da laƙabin Ansiyan, wato tsohon soja.

"Ansiyan, yau ma jikin nata?"

"Sai haƙuri, Shef," in ji Baba. "Tsufa ne."

"Allah ya ba ta lafiya. Ku wuce."

Da mun sha kwana sai mu fashe da dariya. Ni a raina har tausayin mutumin nake ji, ina cewa Allah ya yi shi da kirki amma bai ba shi ido ba.

Ranar da nake ba ku labari, tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa. Da hantsi aka aiko cewa motar wani ɗan kasuwa ta mutu a wani ƙauye gaba da baraj. Muka isa kwanarmu, muka soke reshe, sai ga wani abokina Ɗan Tawa da kamiyonsa maƙare da gishiri. Ya ja mu. Muna isowa Ajidan ya taso kamar kullum, ya dafa kapo. Bai ko gama tambayar jikin Gwaggo ba sai ga wani mutum a kan keke, jiƙe sharkaf, yana haki. Ya ce motar 'yan kasuwa ta kafe a tsakiyar ƙoramar da ke gaba, ruwa yana ƙaruwa, mata da yara sun hau rufi.

Wanda bai san irin ƙoramun nan ba zai ɗauka wasa ne. Yashi ne busasshe yawancin shekara, amma idan an yi ruwa a tudu, sai ta cika ta taho da itatuwa, ta kwashi duk abin da ta tarar. Ajidan ya dubi Ɗan Tawa, Ɗan Tawa ya girgiza kai.

"Shef, da wannan lodin ko bakin yashin ban isa ba, ni ma nutsewa zan yi."

Motar jandarman kuwa ta tafi gari tun safe. Ajidan ya juyo ya dubi wayar da ke naɗe a gaban Gwaggo, sannan ya dubi Baba. Bai ɗaga murya ba.

"Kaico, Ansiyan. Da ma a ce taku tana da rai."

Ina zaune riƙe da bolan, wato sitiyari, na san abu biyu ne: ko mu ci gaba da zama gawa mutane su halaka, ko mu tashi a gaban hukuma mu rasa abincinmu. Motar ba tawa ba ce, ba ni da bakin magana. Na dubi Baba, na ga baƙin man nan a goshinsa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don na san duk abin da ya mallaka a duniya shi ne muke zaune a ciki. Bai daɗe yana tunani ba. Ya sauka, ya zare reshen ya jefar a kwata, ya kwance sarƙa.

"Isufu," ya ce da ni, "miƙo manibel."

Kun san abin da ya fi ba ni haushi har yau? Gwaggon da kullum sai mun yi gumi muna roƙonta, ranar juyi ɗaya Baba ya yi ta kama, da wata irin ƙara kamar dama jira take a tambaye ta. Ƙananan jandarman suka dubi juna. Ajidan kuwa ya ɗale matakin ƙofata ya riƙe madubi, ya ce in taka.

Da muka iso gangaren ƙoramar na fara taka birki, ina takawa ina sakewa, ina takawa ina sakewa, Gwaggo kuwa tana ta silalewa wajen mutanen da suka taru a bakin ruwa. Ajidan yana tsaye a kaina, idonsa a kan ƙafata. Baba ya dira da gudu ya cusa kal, muka tsaya, saura kaɗan mu taɓa wata tsohuwa mai tallan nono. Ban yarda na ɗaga kai mun haɗa ido da Ajidan ba.

Motar tana tsakiyar ruwa, ya kai mata tagogi, tana ɗan jirkicewa duk lokacin da igiyar ruwa ta buge ta. Baba ya tuɓe riga, ya ɗaura bakin waya a ƙugu. Ajidan ya cire hula da takalma ya bi shi, suka shiga suna riƙe da juna, ruwa har ƙirji. Suka maƙala ƙugiya, Baba ya ɗaga hannu, ni kuma na saka na'ura. Wayar ta miƙe tana kuka, Gwaggo ta tsuguna tana karkarwa, ina ta karanto duk addu'ar da na iya. Can sai motar ta motsa. A hankali ta taho, matan da ke rufi suna salati, har tayoyinta suka taka tudu. Ba a rasa kowa ba, sai wasu kaji da buhun gawayi da ruwa ya tafi da su. Tsohuwar nan da na kusa takewa ita ce ta fara kawo mana nono a ƙwarya.

Murnata ba ta yi nisa ba. Ajidan ya mayar da hularsa ya ce mu koma baraj. Muna isa ya miƙo hannu.

"Takardu."

Na ba shi permina. Baba ya ba shi takardar gwanjo, ita ke nan. Ya juya ta gaba da baya ya mayar masa. Baba ya gyara murya zai fara bayani, wai ikon Allah ne ya tayar da ita yau. Ajidan ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya taka ya dafa kapo kamar yadda ya saba.

"Ansiyan, tun ranar farko da aka jawo ku nake dafa wurin nan. Ni dai ban taɓa ganin gawa mai zazzaɓi ba sai taku."

Ashe duk shirinmu, da reshe da baƙin mai da langaɓar da kai, ba wanda ya tuna cewa injin da aka kashe a kwana bai isa ya huce ba. Yaran Ajidan suka kwashe da dariya, Ɗan Tawa har da riƙe ciki. Baba ya sunkuyar da kai, sai na ga kafaɗunsa suna rawa, shi ma dariyar yake.

Ajidan ya ce ya kau da kai ne don tun da muka fara aiki ba motar da ta ƙara kwana a hanyarsa. "Amma yau na ga ƙafar direbanka a gangare, kuma na ga wadda ke tsaye a gabanku. Wannan ba zan iya kau da kai a kansa ba. Motar nan an kama ta."

Baba ya juya ya dubi Gwaggo.

"Sai dai furiyar ta yi nisa," in ji Ajidan, "ni kuma ba ni da motar da za ta ja ta. Ku kai ta ƙarƙashin gawon can. Ranar da birki ya kama, fitila ta zama biyu, ni da kaina zan rubuta muku takardar zuwa bizit."

Haka muka tare a gindin gawo da kayan aikinmu. Direbobin da muka taɓa ja suka yi ta kawo gudummawa, wannan fitila, wancan robar birki, wani tsohuwar taya mai sauran rai. Jandarma suna dafa shayi suna miƙo mana, suna tambayar Baba ko zazzaɓin ya sauka. Kafin hatsi ya nuna Gwaggo ta ci bizit.

Ranar da za mu fara wuce baraj da ƙafafunmu, Baba ya sa rigarsa ta soja, ni na wanke mota har taya. Muka taho a hankali, takardu a hannu, Ajidan ya ƙame ya sara mana. Daidai kan sandar baraj Gwaggo ta yi tari sau biyu ta mutu. Muka juya manibel har hannu ya gaji, ko motsi. Ajidan ya zo ya leƙa inji, ya dubi fuskar Baba, wadda yau ba baƙin mai a kanta, ya ce, "Yau kam na yarda." Shi da yaransa ne suka tura mu.

Abin da na koya a ranar bai da yawa, amma ya raka ni har tsufa. Mai jan mota yana iya yi wa takarda wayo, ba ya yi wa birki, don wanda birki zai ci bai san an yi dabarar ba. Na kuma daina ɗaukar mai shiru a matsayin makaho. Mun yi damina guda muna dariyar mutumin da yake rufa mana asiri da tafin hannunsa. Baba Hamani da Ajidan Sumana duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ku kuma da kuke tambaya me ya sa duk motar da aka jawo garajin nan nake fara dafa kapo kafin in saurari mai ita, to yau kun ji wurin wanda na gada.