Ƙafar Yayata ta Hagu

Yayata malama ce a wata firamare a Kafanchan, kuma a gidanmu ba wanda ya kai ta sauri. In za mu kasuwa sai ta bar ni a baya ina haki, ta tsaya wajen masu citta tana jirana. Shi ya sa ranar da na ga tana jan ƙafar hagu, takalminta yana sharar ƙasa, na tsayar da ita na tambaye ta ko lafiya.

"Gajiya ce kawai," in ji ta.

Abin ya wuce, sai ya dawo da bazara, wannan karon har da ido. Tana cikin koyarwa rabin allo ya dushe mata. An ce taifot, an ce hawan jini. Matan zumunta na cocinmu suka yi azumi da addu'a. Sai a Jos, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta, wata likita ta zaunar da mu ta ce sunan cutar multiple sclerosis. Garkuwar jiki ce take kuskure, tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, kamar yadda ɓera ke gaigaye robar wayar lantarki.

"To a kashe ɓeran mana," in ji Yaya.

Likitar ta yi dariya. Ta ce ba a kai nan ba tukuna, amma akwai maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa, yana hana cutar yawan tashi.

Ni na zama 'yar rakiya. Duk zuwan da muka yi, Yaya sai ta tsare likitar da tambaya kamar ɗalibar da ta yi fashin aji. Me masu bincike suka gano? Likitar ba ta gajiya. Ta ce ana nazarin wani gwajin jini da zai iya nuna jijiya tana lalacewa tun jiki bai ji ba. Ana kuma gwada wayar hannu, ta riƙa lura da tafiyar mutum da motsin yatsunsa.

"Wayata da ba ta riƙe caji ce za ta lura da ni?" Ta naɗe hannun riga. "Amma in jini suke nema, ga nawa."

Likitar ta ce gwajin bai iso gare mu ba, kuma ba za ta yi mata alkawarin rana ba. A mota Yaya ta ce mini ko bai same ta ba, zai sami wata.

Zafin gari shi ne abokin gabarta. Da rana in ta dawo daga makaranta, nakan ɗebo ruwan randa in zuba mata a ƙafa, tana zaune ƙarƙashin mangwaro tana gyara mini yadda nake riƙe moɗa. Yanzu da sanda take tafiya, kuma a zaune take koyarwa. Ba ta bar aji ba.

Zuwanmu na ƙarshe, hoton bai nuna sabon tabo ba. Ta ce, "Yabo ga Ubangiji," ta sa na sayo mata gasasshiyar masara a tasha. Kafin ta ci, barci ya kwashe ta a kafaɗata. Ba ta farka ba sai da muka iso garin Gidan Waya.

"Ke, ina masarata?"

Na riga na cinye.