Sunan Sahabi Tela a Littafin Jami'a

Ni da Sahabi wurin maigida ɗaya muka koyi ɗinki a Tsafe, kuma wallahi na fi shi hannu. Ka duba wuyan rigar da ya ɗinka, ka ga karkata. Amma shi Allah ya ba shi baki da son suna.

Tun muna samari ya kamu da katin gaisuwa na rediyo. Duk mako sai ka ji an karanto: "Sahabi Tela, bakin tasha Tsafe, yana gaida Mannir mai taya a Bungudu, da Hajiya Luba mai atamfa a Gusau." Su ma su rama a nasu katin, har da cewa a kai masa ɗinki. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, sai ga su suna zuwa sunan 'ya'yan juna. Kafin salla shagonsa ba wurin aje ƙafa, ni ina nawa shagon a gefensa ina korar ƙuda.

A 1998 wata ɗaliba, Malama Dibora, ta zo daga jami'a. Ta ce bincike take a kan yadda mutane da 'yan kasuwa ke sada zumunci da tallata hajarsu ta filin gaisuwa. Ta yini shagonsa da rikoda. Ni sallama kawai ta yi mini, ta nemi aron benci. Bencina fa, don ta zauna ta saurari Sahabi!

Daga ranar ba mu huta ba. Har garin Kucheri sai da Sahabi ya kai labari cewa sunansa zai shiga littafin jami'a. Ya ce rediyo iska ce, amma littafi jikoki za su gani.

Bayan shekara Malama Dibora ta dawo da kundin binciken, 'yan tasha suka taru. Ta buɗe babinsa tana fassarawa: "Wani tela a wani gari..."

Sahabi ya ce, "Malama, ina sunan?"

Ta ce ƙa'idar bincike ce, ba a bayyana sunan wanda aka yi hira da shi, don a kare shi.

"Ki kare ni daga mi? Sunan nan shi na yi shekaru ina ginawa!"

Ya zauna jagwab a gaban keken ɗinkinsa. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kashe ni. Da mutane suka watse na matsa kusa, na ce, "Malama, to maƙwabcinsa fa, wane suna kika laƙa mashi a ciki?"

Ta dube ni da kyau, tana ƙoƙarin tuna ni. Sannan ta ce, "Ayya Malam, kai ma tela ne?"