Jirgin da Muka Tono daga Laka

Shekara ta biyu da ruwan sama ya ƙi mu, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. A ƙauyenmu na gefen Isa an riga an yanke shawara: maza su gangara kudu ci-rani, mata kowacce ta koma gidan ubanta har Allah Ya kawo sauƙi. Surukina makiyayi ne. Ya aiko mini cewa bayan kasuwa uku zai zo ya tafi da 'yarsa da jikarsa, sai fa in na nuna masa ɗakin da zan ajiye su da abin da za su ci. Ni kuwa ban cika shekara uku da aure ba, kuma ina son matata, ba na jin kunyar faɗa.

A kasuwar Bafarawa wani direban babbar mota ya ɗaga mini hankali. Ya ce sabuwar madatsar Goronyo ta tara ruwa, masunta daga wajen Yawuri sun zo suna zaune cikin jiragensu da iyalansu, a ciki suke girki, a ciki suke kwana, har kaji suke kiwo. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini. Ban taɓa kama ko ƙaramin tarwaɗa ba, iyo ma ban iya ba, amma na ga gida wanda fari bai isa ya kore ni daga cikinsa ba. Na sayar da san huɗata guda ɗaya da ya rage. Da na gaya wa matata, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tashi ta fara ɗaure kwanoni.

A Sabon Birni aka nuna mana gidan wani tsoho mai fito. Gulbi ya zama yashi, jakuna ma da ƙafa suke tsallakewa, don haka sana'arsa ta mutu, jiragensa na neman mai saye.

Muna shiga na gan shi. Shuɗi ne, dogo, an ɗora shi bisa duwatsu ƙarƙashin rumfa, ko ɗigon laima babu a jikinsa. Ni manomi ne, abin da na sani shi ne duk abu mai daraja sama ake ɗaga shi, a raba shi da danshi, yadda muke yi wa rumbu. Na zagaya shi sau uku, na ƙwanƙwasa, ya amsa mini da ƙara mai daɗi. Na haye ciki ina aunawa da taku ina surutu: nan shimfiɗa, nan murhu, nan za a rataye fitila. Har na fara tunanin launin labule.

Tsohon ya bar ni na gama haukata, sannan ya ce, “Yaro, akwai wani can ga gurbi, ku tai ku gani.”

Muka bi shi zuwa ɗan ruwan da ya rage a gwiwar gulbi, rabi ruwa rabi taɓo. Ya nuna wani baƙin abu da hancinsa kaɗai ya leƙo, kwaɗi na zaune a kai. Raina ya ɓaci. Na ce, “Baba, don ka gane ni baƙauye na, shi as sa kaka son ka liƙa min mushe? Shuɗin nika so.”

Bai yi musu ba. Har na kai hannu aljihu, sai matata ta taɓa mini gefen riga. Ta durƙusa ta ce wa tsohon, “Baba, ka yarda in zuba mai ruwa mu gani?” Ta juyo gare ni a hankali. “Malam, akushina da ya daɗe bai ga ruwa ba tsagewa yay yi. Wanga ma icce na.”

A shekarar nan ruwa ba abin wasa ba ne. Rami ake tonawa cikin yashin gulbi, a jira ya tsattsafo, mata na layi tun asuba. Ta goya 'yarmu ta shiga layin, ta dawo da tulu uku, ɗaya bayan ɗaya. Matan da suka ji abin da za ta yi da shi suka biyo ta kallo, wata na cewa yunwa ta taɓa mata kai.

Ta tuttule tulun farko cikin shuɗin jirgin. Kafin ta ɗauki na biyu, ruwa na zuba ta ƙarƙashi, ta kowace haɗar katako, tamkar an zuba shi a rariya. Sauran biyun ta raba wa matan. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Tsohon ya yi murmushi ya ce, “Rana ta shanye shi, katakon duk ya ja baya. Jirgi in kana son shi, ga ruwa aka aje shi. Wanda nika so shi na nis sa ga laka.”

Washegari muka tono shi, mu shida, tun hantsi har azahar. Da muka wanke taɓon, sai ga jirgin katakon maɗaci baƙi wuluk, mai nauyi, faɗinsa ya ishi mutum ya kwanta a gicciye. Ba fenti, ba ado, ga wari. Muka cika shi da ruwan gurbin muka zauna muna kallo. Sa'a guda, ko zufa bai yi ba. Wallahi na tashi na taka rawa a cikin laka, gemai-gemai da ni, masu taya mu tono suna tafi.

Wata mota da ta kawo hatsi za ta koma ba kaya, ita ta ɗauke mu. Duk tsawon hanya matata na jiƙa buhuna tana lulluɓe jirgin, ta hana rana ganinsa. A bakin madatsa na kafa masa rumfar zana, ta cika kasko da yashi ta ɗora murhu a kai. Masuntan suka yi ta yi mini dariya don in na tuƙa sai jirgin ya dinga juyi wuri ɗaya, amma sun koya mini, suka ba ni tsohuwar komar kamun kifi. Ranar da na kamo kifi na farko, sai da kowane jirgi ya ji labari. Na aika wa surukina inda muke.

Ya zo ranar da ya ce. Ya tsaya a bakin ruwa da sandarsa a kafaɗa, ya rame ƙwarai, yana kallon rumfa da hayaƙin da ke fita daga cikinta. Can sai ya tuɓe takalmansa, ya matso, ya yi sallama yadda ake yi a ƙofar gida.

Muryar matata ta fito daga ciki. “Baffa, shigo.”

Ya shiga da rarrafe, yana riƙe da gefe da hannu biyu. Ya duba rufi, ya buɗe tukunya, ya duba kifin da muka shanya. Jikarsa ta rarrafo ta nufi bakin jirgi, ya cafke ta da sauri. Sai ya buɗe jakarsa ya zaro igiyar da yake ɗaure maruƙa, ya ɗaura mata a ƙugu a hankali, ɗaya bakin ya ƙulle a ginshiƙin rumfa.

Na ce, “Baffa, in ka tashi tahiya sai mu kwance ma igiyarka.”

Ya girgiza kai, idonsa na kan yarinyar. “Ku riƙe. Ba ni da sauran abin ɗaurewa.”

Da la'asar na raka shi tasha, ya hau mota shi kaɗai.